Kafin a ce gas ya ƙare

Duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Kano shekaru 40 da suka wuce, tun daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, ya san cewa idan ana maganar ruwan sanyi, randa ake nufi. A kan kafa ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a binne gindinta cikin yashi, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa, a rufe bakinta da faifai a ɗora moɗa a kai. Naman layya a soya shi har ya bushe a adana cikin mansa, ko a yi kilishi ko dambu. Kifin madatsar Thomas ko na Watari a banda shi. Tumatir da kuɓewa a yanka a shanya, su kai har wata kakar. Abin lura shi ne kowace dabara daga cikin waɗannan tana tafe da iliminta, kuma ilimin a cikin gida yake zaune. Idan randa ta daina sanyi, uwargida ta san dalili: ko jikinta ya toshe ta daina tsattsafo, ko an matsar da ita inda babu iska, ko tsufa ne ya zo sai a sayo sabuwa ranar kasuwa. Ba a aika yaro birni ya kira kowa.

Firiza ba haka ta shigo ba. Kafin wutar lantarki ta kai garuruwan nan, firjin da aka fi sani shi ne mai aiki da kananzir a ɗakin shan magani, inda ake ajiye allurar rigakafi. Da aka fara ja wa karkara wuta, musamman zamanin gwamnatin Abubakar Rimi daga 1979 zuwa 1983, sai firji ya bayyana a gidan hakimi da shagon mai kemis da na mai lemo a bakin tasha. Daga shekarun 1990 abubuwa biyu suka haɗu: fiya-wata ta mamaye ko'ina, kuma kayan gwanjo na Turai suka cika kasuwannin Kano, firiza ta yi sauƙin da talaka zai iya ɗauka. Yau ta zama jarin matan aure masu sana'a daga cikin gida. Zoɓo, kunun aya, lamurje, ƙanƙarar azumi, duk a cikinta suke kwana, har ma ta shiga lissafin kayan ɗakin amarya a gidajen masu hali. Sai dai akwatin ya iso ba tare da iliminsa ba. Takardar bayanin da ke biye da sabuwa da Turanci take, ta gwanjo kuwa ba ta da takarda ko ɗaya. Ra'ayina shi ne yawancin abin da ake kira lalacewar firiza a wannan yanki ba daga cikin injin yake farowa ba. Daga wutar da ake ba ta yake farowa, da wurin da aka ajiye ta, da nauyin da ake ɗora mata, kuma duk waɗannan mai gida da uwargida za su iya gane su da ido da kunne da tafin hannu kafin a kashe ko sisi.

Abu na farko da ake faɗa idan firiza ta daina daskarewa shi ne gas ya ƙare. Wannan magana ta ci kuɗin mutane da yawa, domin gas ɗin firiza ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ragu. A cikin rufaffen bututu yake zagaye. Kwamfiresa, wato baƙin tulun ƙarfen nan da ke ƙasa, ita ke matse shi ya yi zafi, ya bi bututun waje ya zubar da zafinsa ya koma ruwa, ya ratsa wani siririn bututu ya shiga bangon ciki, can ya sake zama iska yana zuƙe zafin kayan da ke ciki, sannan ya dawo. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru ba tare da ya ragu ba. Idan har ya ragu, to akwai huda a wani wuri, kuma wanda ya ƙara gas bai toshe hudar ba, ya zuba ruwa ne a kwando. Bayan wata biyu ko uku za a sake kiransa, a sake biya, mai firiza kuma ta ɗauka haka abin yake, kowace firiza sai ana ƙara mata gas lokaci-lokaci.

Babban mai kashe firiza a karkarar Kano raunin wuta ne. Ana ƙera waɗannan injuna su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. A ƙauyen da ke ƙarshen layi, inda taransifoma ɗaya ke ɗauke da unguwanni da injin markaɗe da na walda, wutar takan faɗi ƙasa da haka nesa, balle idan da siririyar waya aka jawo ta daga gidan maƙwabci. Kwamfiresa kuwa a lokacin tashi take buƙatar ƙarfi ninki-ninki na abin da take ci idan ta daidaita. Idan wutar ba ta kai ba, sai a ji ta yi gurnani na ɗan daƙiƙoƙi, sannan a ji ƙas, ta yi shiru. Bayan minti biyu ko uku ta sake gurnani, a sake jin ƙas. Wannan ƙarar ta wani ɗan maɓalli ce da ke yanke wuta idan injin ya ɗau zafi, don kada ya ƙone. Duk wanda ya ji haka ya zare soket nan take, domin idan aka bar ta ta kwana tana wannan kokawa, wayar cikin kwamfiresar ce za ta ƙone, gyaran da ya kamata ya zama na ɗan canji ya koma na dubbai masu yawa. A da ƙwan fitila mai zare yakan tona asirin raunin wuta, ya yi ja-ja kamar garwashi kowa ya gani. Ƙwayayen LED na yanzu haskensu kusan ɗaya ne ko wutar ta cika ko ba ta cika ba, don haka gida yana fes da haske alhali firiza tana shan wuya a lungu. Fanka ta fi su gaskiya, idan tana juyawa a kasalance to wutar ba ta kai ba. Ɗan ma'aunin wuta da ake maƙalawa a soket ya fi duka, kuma kuɗinsa bai kai na ƙara gas sau ɗaya ba. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, a ba firiza kamar minti 5 kafin a kunna, gas ɗin da ke matse a bututu ya lafa. Yawancin sitabilaiza suna da maɓallin jinkiri don wannan, amma sai a ga an kashe shi saboda gajen haƙuri. Ƙaramin janaretan nan na kunna talabijin da cajin waya shi ma sau da yawa ba ya iya tayar da kwamfiresa. Idan kuma wuta lafiya lau take amma ana jin ƙas ɗin, mafi yawanci ɗan rilen da ke maƙale a gefen kwamfiresa ne ya mutu, abu mai araha da ake sauyawa cikin ɗan lokaci.

Na biyu zafi ne, kuma a nan ne al'adar ɗakunanmu ke cutar da injin ba da niyya ba. Firiza ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi take kwasowa daga ciki ta zubar a waje. A yawancin masu murfi a sama, bututun zubar da zafin a cikin bangon waje yake, shi ya sa idan ka dafa gefenta za ka ji ɗumi, kuma wannan alamar lafiya ce. To sai a duba inda ake ajiye ta: a ƙuryar ɗaki mai rufin kwano ba silin, an manna ta da bango, an lulluɓe ta da leda mai ado ko zane don kada ta yi ƙura, an jera kwanukan samira a gefe. Ta ina zafin zai fita? A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A jikin kowace firiza akwai ɗan tambari da ke nuna yanayin da aka ƙera ta dominsa. Mai harafin N iyakarta digiri 32, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43. Akasarin na gwanjo da aka kwaso daga Turai an yi su ne don ɗakunan girkin ƙasashen sanyi, saboda haka a bazarar Bichi za su yi ta aiki dare da rana ba hutawa kuma ba su kai sanyin da ake so ba, wato digiri 18 ƙasa da sifili. Mai saye ya nemi harafin T kafin ya dubi fenti. Wanda ya riga ya saya, ya janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya, ya yaye mata lulluɓi, ya kai ta inda iska ke wucewa, kuma bayan hunturu ya zare wuta ya kakkaɓe ƙurar da ta toshe ragar gefen kwamfiresa. A nan ne kuma zai ga ko ɓera ya yi sheƙa ya ci waya, abin da ba baƙo ba ne a gidan da rumbu ko buhunan gero ke kusa.

Sai robar bakin murfi. Idan ta saki ko ta tsage, iskar ɗaki mai ɗumi tana shiga, laimarta ta daskare a bango. Gwajin mai sauƙi ne: a sa takardar kuɗi a rufe murfin a kanta a ja, idan ta zame ba turjiya, robar ba ta kamawa a wurin. Wani lokaci wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu ya isa, domin zaƙin zoɓon da ya zuba ne ya bushe a kanta. Ƙanƙarar da ta taru a bango kuma mutane da yawa suna murna da ita, suna ganin alamar ƙarfin firiza ce, alhali idan ta yi kauri tana tare sanyin ne daga kaiwa ga kaya. Idan ta kai kaurin ɗan yatsa a kashe wuta, a buɗe murfi, a sa roba da ruwan ɗumi a ciki ta narke da kanta. Kada a kusance ta da wuƙa. Bututun gas yana bayan wannan siririn bangon ne, kuma hudar wuƙa ɗaya ta isa ta fitar da gas ɗin ta shigar da ruwa cikin bututu, gyaran da sau da yawa ba ya ɗorewa. Firizar da aka ɗauko a kwance a bayan A Daidaita Sahu ko a kan amalanke kuma, a tsayar da ita ta huta awanni kafin a kunna, man kwamfiresa ya koma mazauninsa.

Akwai kuma lissafin da masu sana'ar ƙanƙara ba su cika yi ba, kuma shi ne tushen ƙorafin nan na firiza tana sanyi amma ba ta daskarewa. Jakar fiya-wata ɗaya ƙulli 20 ce, kowane rabin lita, wato kilo 10 na ruwa. Yawancin firizar gida abin da za su iya daskarwa a awa 24 na cikakkiyar wuta bai wuce kilo 10 zuwa 20 ba, kuma a rubuce yake a tambarinsu. Mayar da ruwa ƙanƙara aiki ne mai nauyi, domin zafin da za a cire daga ruwan da ya riga ya yi sanyi ƙarara kafin ya daskare ya kai wanda za a cire a sauko da shi digiri 80. Idan aka zuba jaka biyar da suka wuni a rana, aka ƙara da zoɓon da bai gama hucewa ba, aka samu wuta ta awa huɗu, babu injin gida da zai daskarar da wannan. A rage kaya, a bar zoɓo ya huce sarai, a jera sabon kaya a jikin bango, a bar wanda ya daskare a ciki ya riƙe sanyi. A watan azumi, wanda a shekarun 2023 da 2024 ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, kwaɗayin ciniki yakan sa a cika firiza har murfi ya ƙi rufuwa, sai a tashi da asarar duka.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk kewaye-kewaye ne, ciwon ɗaya ne, babu wuta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. An kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO, amma ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 har yanzu wutar da ke bin babban layinta tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Da aka sauya farashin wuta a Afrilun 2024, layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana akasarinsu na cikin birni ne. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa janareta ya fi ƙarfin mai sayar da zoɓo. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ba na neman a ɗauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Amma rashin wutar ne ma ya sa ilimin ya zama dole. Wanda ke samun wuta awa 20 zai iya yin sakaci da robar murfi bai ji a jikinsa ba. Wadda take samun awa huɗu, kowane minti na aikin injin kuɗi ne a wurinta. Firizar da take cike da daskararren kaya, idan ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta kusan kwana biyu, mai rabin kaya kuma kwana ɗaya, a zafinmu ma ƙasa da haka. Sanin wannan kaɗai ya isa ya sa a cike gurbin da ba kaya da robobin ruwa, a hana yara buɗe-buɗe, a kuma san lokacin da za a fitar da nama a soya. Naman da ya narke ya ɗau ɗumi ba a mayar da shi ya sake daskarewa a ci gaba da ajiya, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cutar da suka riga suka hayayyafa, tsayar da su kawai yake yi.

Wani kuma zai ce a koma wa randa da shanya mana, tunda su ba sa neman wuta. Wannan magana tana da madafa. Mohammed Bah Abba, malami a Dutse wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan lambu suka riƙa yin kwanaki da yawa ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kuma mai hankali ba ya zuba naman layyarsa duka a firiza a garin da wuta ba ta da tabbas, ya soya mafi yawa kamar yadda iyaye suka saba. Amma randa sanyaya ruwa take yi, ba ta daskarwa, kuma da damina idan iska ta yi laima ƙarfinta yakan ragu. Ba ta ajiye ɗanyen kifi, ba ta samar da ƙanƙarar da matar aure za ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Abin da ya kamata a ɗauko daga zamanin randa shi ne halin matan da suka san kayan aikinsu ciki da bai.

Masu cewa sola ta kawo ƙarshen matsalar su ma suna da rabin gaskiya. Firizar sola da masu kwamfiresar inbata, waɗanda ke tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba, sun magance raunin wuta. Ba su magance ɗakin kwano ko wuƙa ko cika kaya ba, sun ma ƙaro nasu: faifan da ƙurar hunturu ta lulluɓe, da batirin da ake tatsewa kullum har ya mutu kafin lokacinsa. Misalin da ya fi kusa da mu yana cibiyoyin lafiya na matakin farko. Firjin rigakafi a can yakan daɗe yana aiki ne saboda ƙa'idarsa ta tanadi mutum guda mai alhakinsa, wanda zai duba ma'aunin sanyi safe da yamma ya rubuta a takardar da ke maƙale a jikinsa. Da irin wannan kula ta yau da kullum aka riƙa kai rigakafin shan inna ƙauye-ƙauye da sanyinsa, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Ba ina cewa kowa ya zama makaniki ba. Akwai iyaka, kuma ƙetare ta haɗari ne. Duk abin da ya shafi buɗe bututu, ko walda, ko sauya kwamfiresa, ko jikin firiza da ke jan mutum idan ya taɓa, aikin mai gyara ne. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 an daina amfani da tsohon gas R12 saboda illarsa ga sararin sama, aka koma R134a, yawancin sababbin firiza kuma yanzu R600a suke ɗauke da shi, wanda yake kama wuta. Kowace kwamfiresa da nau'in gas ɗinta a rubuce a jikinta, kuma ba a cakuɗa su. Ban ɗauki masu gyara a matsayin macuta ba. Yawancinsu yara ne da suka koyi aikin a gaban maigidansu a birni, suka dawo gida ba injin zuƙe iska daga bututu, ba sikeli, kuma sun san idan suka ce a matsar da firiza daga bango kawai, ba wanda zai biya su kuɗin man babur. Mai kaya da ya san abin da yake tambaya shi ke gyara mai gyara. Idan aka ce maka gas ne, ka ce a nuna maka inda yake fita. Wurin huda yakan yi danshin mai, ruwan sabulu kuma yakan yi kumfa a kansa. Ka tambaya ko za a sauya ɗan matacin bututu, ko za a zuƙe iska kafin a zuba sabon gas, kuma wane gas za a zuba. Wanda ya zo ya duba ya gaya maka gaskiya cewa ba abin da ya lalace, ka biya shi ladan zuwansa da daɗin rai.

Saura kira ga waɗanda ke da iko a kan abin. Masu shigo da firiza da masu haɗa ta a ƙasar nan su buga bayanin amfani da Hausa, da boko da ajami, su manna a cikin murfi inda uwargida za ta gani kullum. Kwalejin ilimi ta fasaha da ke Bichi da makarantun koyon sana'a na jiha su buɗe gajeren kwas ga yaran da suka riga suka fara gyara a Ɗambatta da Tsanyawa da Bagwai, a haɗa musu da kayan awo. Gidajen rediyon Kano kuma, da matan karkara ke saurare suna aikin gida, su ware ko da minti 10 a mako kafin azumi mai zuwa su yi wannan bayani da bakin masu gyaran da suka san aikinsu.